Sawun Wuƙa

Duk layin babu wanda bai san Mai Tsuntsaye ba. Wanda bai san shi da ido ba ya san shi da kunne, don tun rana ba ta gama fitowa ba ake jin ƙwas-ƙwas ɗin gizagonsa ta bayan katanga, har masu jarirai suka gaji da kai ƙara suka haƙura. Masassaƙi ne. Kujera yake yi, da cokali, da sandar dogarawa, da ƙotar duk wani abu mai ƙota. Da wannan ya ciyar da gidansa, ya kai 'ya'yansa makaranta har suka fi ƙarfinsa.

Sunan kuwa ba daga kujera ya samo shi ba. A jikin ƙofar gidansa akwai wani ɗan matsattsen ɗaki mai taga ɗaya, rufinsa yana yoyo ta kusurwar hagu tun kafin a haifi wasu masu gemu a layin. Nan yake aiki. A bangon ɗakin akwai doguwar kanta daga kusurwa zuwa kusurwa, a bisanta tsuntsayen katako ne jere, guda arba'in da shida. Kowace shekara yana sassaƙa ɗaya. Ba na sayarwa ba ne, ba na kyauta ba. Wani mai mota ya taɓa tsayawa ya yi ta magiya a kan wata mujiya, tsohon ya ba shi cokali kyauta ya raka shi har bakin titi.

Abin da ya bambanta tsuntsayen da sauran aikinsa shi ne ba ya sa musu samfefa. Kujerar mutane yana goge ta sumul, don babu mai son sartse a mazaunai. Tsuntsu kuwa yadda wuƙa ta bar shi haka yake zama, kowane yanka da sawunsa, wani doguwar tsaga, wani ɗan gajeren rami kamar an danna farce a sabulu. Mutane suna ganin kamar aiki ne da ba a gama ba. Shi kuma karatu yake yi a jikinsu. Ga hankakan shekarar da ya yi aure, yankan duk a gaggauce, don hankalinsa ba a kan itacen yake ba, kowa ya san inda yake. Ga agwagwar shekarar da ya datse babban yatsansa ya koma aiki da hagu, sawun duk ya karkata gefe guda kamar ciyawa bayan iska. Ga shahon shekarar da suka raba gari da ƙanensa, wanda ya sassaƙa da haushi har fukafukan suka yi kaifi. Kurciya kaɗai guda tara ce a kantar, kuma a rufe masa ido a ɗora masa ɗaya a tafi, kafin ka haɗiye yawu ya faɗa maka shekararta da abin da aka yi a cikinta. Lokacin da yaransa suke ƙanana wasansu ke nan da shi, su ɗaure masa ido da ɗankwalin uwarsu su yi ta gwada shi. Bai taɓa faɗuwa ba.

To, yara sun girma. Macen ta zama ma'aikaciyar jinya, kowa Nas yake ce mata, har ubanta. Namijin kuma, babban, shi ne manajan wani ƙaton kantin kujeru da gadaje a kan babban titi, irin kantin da kafin ka shiga sai ka duba ƙasan takalminka. Komai na ciki sheƙi yake yi. Manaja ba mugun ɗa ba ne, a faɗi gaskiya. Yana son ubansa, irin son nan mai haɗe da jin kunya. A ganinsa talauci ne ya hana tsohon gama tsuntsayen, rashin inji da rashin man ƙyalli, kuma ga shi yanzu Allah ya hore masa inji har huɗu a bayan kanti. Shekara goma yana roƙon a ba shi su kwana biyu kawai ya gyara. Shekara goma tsohon yana ce masa ba su lalace ba balle a gyara. Matar Manaja, wadda ake kira Madam, ita ba ta ɓoye nata ra'ayin ba. Ta taɓa faɗa wa matar tela, matar tela kuma ta faɗa wa duk mai kunne, wai tsuntsayen surukinta kamar ɓera ya gwaigwaye su.

Ana nan cutar yanar ido ta rufe wa tsohon ido, duka biyun. Shi bai damu ba, ya ce ai yatsunsa suna gani. Sai ranar da ya gaishe da tankin ruwa ya tsaya jiran amsa, Nas ta ce magana ta ƙare, za a yi aiki. Likita ya ce ido ɗaya za a fara, bayan kwana goma a yi ɗayan, kuma duk tsawon lokacin kada ƙura ko garin katako su kusance shi. Aka yanke zai zauna gidan Nas mako uku.

Ba wuƙar likita ce ta tayar masa da hankali ba. Shi da wuƙa ai tsofaffin abokai ne. Ɗakin ne. Ranar tafiya ya sa kwado biyu a ƙofar, ya ja ya sake ja, sannan ya kira matarsa, Inna, ya damƙa mata makullan a gaban Nas don a samu shaida. Ya ce ko gobara aka yi ta bari wuta ta ci, amma kada ta ba yaron nan.

“Na ji, Malam,” in ji ta, ta ƙulle makullan a bakin zane. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Dama Inna mace ce da za ka zauna da ita shekara ba ka san ko gishirin miyarka ya yi mata ba.

Gidan Nas a hawa na uku yake, ƙasa tayil, tebur roba, kujeru ƙarfe da soso. Kwana biyu da yi masa idon farko tsohon ya bi gidan kaf da tafin hannu yana neman itace, bai samu ba sai muciyar kicin, ita ma ta inji. Hannun da ya saba aiki tun yana ɗan shekara tara ba ya jin maganar likita. Ya fara da lemo, yana fere ɓawon a zare ɗaya ba tsinkewa. Daga nan ya koma kan sabulun wanka. Nas ta shiga banɗaki ta tarar da ƙaramin kifi a mazubin sabulu, har da ƙaya da ido. Ta ƙwace wuƙar tebur ta ɓoye. Washegari ta tarar da kyandir ya zama mace mai tulu, da ƙarshen cokali ya yi ta. Mijinta ya ce a bar shi, tun da dai bai kai ga ƙafar gado ba.

Kullum da hantsi sai ya sa a kira masa Inna a waya. Ba ya tambayar lafiyarta, ko ya tambaya a gurguje ne kamar mai tsallake kwata. Tambayarsa ɗaya ce, ɗakin. Ita kuma amsarta ɗaya ce: suna nan, ba su tashi ba. A mako na biyu ne ya lura ta daina yin wannan barkwancin, sai ta ce komai lafiya ta miƙa wa wani wayar. Ya so ya yi zargi, sai aka zo aka tafi da shi aikin ido na biyu, zargin ya bi ruwa.

Ranar komawa gida Manaja ne da kansa ya zo ɗaukarsa da mota, yana ta murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir a ɓoye. Tsohon yana sanye da baƙin tabarau irin na masu walda. Tun daga bakin layi hancinsa ya gaya masa akwai magana. Ɗakin aikinsa ƙamshin ɗanyen itace yake yi da ɗan warin man da yake shafa wa wuƙaƙe. Yau wani wari ne ya tare shi a ƙofa, mai hawa kai, warin kantin Manaja.

An tara mutane. Ga Madam da sabon leshi, ga tela da matarsa, ga mai gyaran rediyo, ga wasu mata biyu da ba a gayyata ba amma ba a taɓa yin abu a layin babu su ba. Inna tana can baya, jingine da bango. Manaja ya zaunar da ubansa a kujera a tsakar gida, ya ce kafin a shiga ɗaki sai an yi wasan nan na da, na rufe ido. Ya cire masa tabarau a hankali ya ce ya rufe ido. Tsohon ya rufe. Aka ɗora masa abu a tafi.

“Baba, canka. Wannan wace ce?”

Abin sanyi gare shi, da santsi, kamar ƙwan da aka wanke. Yatsun suka bi ta kan baya, suka gangara fiffike, suka leƙa ƙarƙashin wuya inda ya saba fara karatu, suka dawo. Babu inda suka tsaya, don babu abin tsayawa. Ya juya shi ya sake bi. Ya sa farce yana neman ko tsaga ɗaya, farcen ya zame.

“Kurciya ce,” ya ce.

“Ta wace shekara?”

Kowa yana jira, matan nan biyu har sun buɗe baki za su yi guɗa. Tsohon ya daɗe yana murza abin. Sannan ya buɗe idanunsa, sababbi fil, waɗanda rabonsu da ganin abu tangaran an fi shekara shida, kuma abin da suka fara gani da kyau a duniya shi ne fuskarsa, 'yar mitsitsiya a karkace, a jikin ƙirjin kurciyar mai sheƙi kamar madubi.

Manaja bai lura ba a amsa masa ba. Ya riga ya shiga bayani. Wai kwana uku aka yi ana aikin, inji biyu, samfefa kala uku daga mai kaushi zuwa mai laushi. Wai ramukan da suka yi zurfi sosai sai da aka cike su da garin katako da gam kafin a goge, musamman wata 'yar tsattsewa da ta ba mai feshi wahala. Wai feshi shafi uku aka yi, ko shekara hamsin ruwa ba zai taɓa su ba. Ya ja hannun uban zuwa ɗakin. An toshe yoyon, an yi wa bango farin fenti, an cire tsohuwar kantar an kafa durowa mai gilashi da 'yan fitilu a ciki. Ga su nan su arba'in da biyar suna ƙyalli, an jera su daga babba zuwa ƙarami. Da, bisa shekara suke jere.

Tela ya dafa kafaɗar tsohon ya ce gaskiya ya haifi ɗa. Mai gyaran rediyo ya ce yanzu ne aikin ya fito. Madam ta tsaya gaban gilashin tana gyara ɗaurinta a ciki, ta ce, “Wallahi Baba, kamar ba hannu ne ya yi su ba. Wanda bai sani ba sai ya rantse daga kamfani aka kawo.” Kowa ya ce ƙwarai kuwa. A wurinsu babu yabon da ya wuce wannan.

Aka zuba masa ido. Akwai maganar da uba yake faɗa a irin wannan wuri, kowa ya san ta, ita ake jira. Ya dubi ɗansa, ƙato mai tumbi da furfura a gefen kunne, yana tsaye yana wasa da makullin mota kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa. Tsohon ya ce Allah ya yi albarka. Hawaye yana ta zuba, Nas ta ce ai haka idon yake yi bayan aiki, ta ɗiga masa magani. Matan nan biyu suka fita suna ba da labarin yadda tsoho ya yi kukan daɗi.

Kwana huɗu bai shiga ɗakin ba. A na biyar, da safe, ya buɗe akwatin wuƙaƙensa, ya wasa ƙaramar, ya ciro hankakan shekarar aure daga gilashi. A ransa abin mai sauƙi ne. Shi ya yi su, hannun nan ne, wuƙar nan ce, zai mayar da kowane sawu inda yake. Ya kafa wuƙa a fiffike. Man ƙyallin ya tsage kamar busasshen sukari, ya yi fari, itacen ya leƙo daga ƙasa. Ya yi yanka na biyu, na uku, na goma. Sai ya ɗaga shi wajen taga.

Da tsohon idonsa ne da ya ce ya yi. Sabon idon ba shi da kara. Ya nuna masa hannunsa yana rawa, wata 'yar rawa ƙasa-ƙasa da bai san yana yi ba, kuma kowane yanka ya ɗauki rawar ya ajiye. Sawun ya fito, amma na tsoho ne mai shekara saba'in da biyu, mai taka-tsantsan, mai tsoron kuskure. Saurayin da ya sassaƙa hankakan nan a kwana biyu yana sauri ya je zance, babu shi a wurin. Kuma bai ma tuna ta ina ya fara ba a wancan lokacin. Yatsunsa sun san sawun in sun taɓa shi, amma ba su riƙe shi a ka ba, kamar yadda mutum ya san hanyar gidansu amma ba zai iya zana ta ba. Ya ajiye hankakan da fiffike ɗaya a kware, kamar kazar da aka fara figa aka fasa.

Ya sami Inna a kicin tana yanka albasa. Tun dawowarsa ba su yi maganar ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, wurin da bai cika tsayawa ba, ya tambaye ta ko ƙwace makullan aka yi. Ta ce a'a. Ko sace su aka yi tana barci. Ta ce a'a, da hannunta ta bayar. Yaron ya zo sau biyu ta hana shi, a na uku ta bayar.

Ya ce ita dai ba ta san abin da ta yi ba. Ba laifinta ba ne, ba ta san mene ne a jikinsu ba.

Inna ta ajiye wuƙar. Ta goge hannu a zane, yatsa bayan yatsa.

“Malam, shekara arba'in da biyar wa yake share maka su?”

 Gaskiyar magana, bai taɓa tunanin ana share su ba. Ɗaki ne da garin katako yake tashi a ciki kullum kamar hayaƙi, amma a ransa tsuntsayen haka suke zama fes don kansu.

Ta ce aljanu yake tsammani ke nan. Ta ce duk Asabar in ya tafi sayen itace sai ta shiga da tsohon buroshin haƙori da ɗan tsinke, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, rami bayan rami, don tsumma ba ya shiga sawun wuƙarsa. Da suna biyar aikin minti goma ne. Da suka kai arba'in sai ta wuni, bayanta kamar zai ɓalle. Buroshi nawa ta cinye, ita ma ba ta sani ba. Ta ce agwagwar hagu tana da rami goma sha ɗaya a ƙarƙashin wutsiya, na bakwai ne mai riƙe ƙura. Mujiya tana da wata tsaga a bayan kunnen dama inda wuƙa ta kufce masa ya wayance ya mai da ita gashi. Kurciyar da aka ɗora masa a hannu ranar nan, ta shekarar da aka haifi Nas ce, ita daga inda take tsaye ta gane ta, da ɗan karkacewar baki.

Tsohon ya nemi bakin turmi ya zauna. Shekara arba'in da biyar yana tsammani shi kaɗai ya iya wannan karatun a duniya, ashe akwai wadda ta fi shi, a ɗaki ɗaya suke kwana. Wani abu mai kama da murna ya taso masa. Ya ce to ai shi ke nan, ta zo ta zauna kusa da shi ta riƙa faɗa masa, nan rami, nan tsaga, shi kuma yana mayarwa. Ko shekara biyu za su yi.

“Ba ka tambaye ni tsattsewar ba,” in ji ta.

Bai tambaya ba, kuma da gangan ne. Tsakanin haihuwar Manaja da ta Nas, shi da Inna sun haifi wata yarinya. Ta yi shekara biyu da wata uku, zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana biyu. A layin yanzu waɗanda suka san da ita ba su fi mutum huɗu ba.

Inna ta ce ranar da aka dawo daga binne ta ya shiga ɗakin nan ya rufe ƙofa. Kwana tara. Ita ta zauna da masu zuwa gaisuwa, ita ta amsa musu, ita ta naɗe kayan yarinyar ta rasa inda za ta kai. Tana jin ƙarar wuƙarsa ta bango. Da ya fito ya fito da tsuntsu, ya ɗora a kan kantar, ya wanke hannu ya nemi abinci. Shi ya zuba nasa a itace ya huta. Ita kuma aka bar ta da itacen. Ramukan jikin tsattsewar nan sun fi na kowa zurfi, wasu har tsinke yake shigewa rabi, kuma duk Asabar ɗin duniya sai ta sa hannu a cikinsu ɗaya bayan ɗaya, shekara talatin da takwas, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa kiran sunan yarinyar a gabanta ba.

“Ranar da yaron ya zo na uku, ita ce a hannuna, ga buroshi. Ita na fara miƙa wa mai feshin. Na ce ya cike ta sosai.”

Albasar ta fara bushewa a faranti. Wani mai tallan gawayi ya wuce ta waje yana kira. Tsohon ya buɗe baki, ya ga duk abin da zai faɗa ya makara da shekara talatin da takwas, ya rufe. Can ya ce, a hankali, sauran fa, sauran arba'in da biyar ɗin me suka yi mata.

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. Ta ce ba su yi mata komai ba. Yanzu dai tsumma ɗaya ya ishe su, minti biyar ta gama. Maganar ta zauna tana faɗa masa rami da tsaga kuwa, ya nemi wani. Ita ta ajiye wannan aikin.

A ƙarshen mako ya aika aka kira Manaja ya ce ya zo ya kwashe su har durowar. Manaja ya ɗauka kyauta ce ta uba ga ɗa, har ya rungume shi. Ya ga hankakan da aka kware, ya girgiza kai ya ce ba komai, za a sake bi ta kansa. Yanzu suna can a kantin babban titi, daga shiga ta hannun dama, tsakanin wani gado mai madubi da teburin cin abinci. An rubuta a wani ɗan allo da ruwan zinariya: AIKIN HANNU. Masu sayen kujera suna tsayawa su ɗauki hoto. Madam tana gaya musu surukinta ne, ita ta ba da shawarar gyaran.

Tsohon ya koma ɗakinsa mai farin fenti. Bai kafa wata kantar ba. Ya yi kujeru biyu da aka daɗe ana jira, ya goge su sumul. Sannan ya ɗauko wani guntun itace da ya ajiye tun bara ya fara na arba'in da bakwai. Da, mako guda yake yi. Wannan ya ci wata biyu, don sabon idon yana ta kushe wa hannun aiki, hannun kuma yana yi masa taurin kai. Abin da ya fito ɗan ƙaramin tsuntsu ne da ba za ka ce ga irinsa ba, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, jikinsa duk rawar hannu. Ya rufe ido ya bi shi da yatsa. Komai yana nan, har ranar albasa.

Manaja ya zo gaisuwa ya gan shi a kan benci. Ya ɗauka, ya juya, tausayi ya cika masa fuska. Ya ce bari ya tafi da shi, jibi a dawo da shi ya yi daidai da 'yan'uwansa, akwai ma gurbi a durowar. Tsohon ya miƙa hannu ya karɓe, ya jefa a aljihun riga, ya bar hannun a ciki.

Tun ranar hannun bai fito ba sai don aiki ko cin abinci. Da shi yake zuwa sayen itace, da shi yake shiga banɗaki, in zai yi wanka ya ɗora shi a kan taga inda idonsa yake kai. Mutum ya miƙo masa hannu su gaisa sai ya tsaya sauya wa tsuntsu aljihu tukuna. Bakin tsuntsun ya huda masa riga uku. Inna ta ce in za ta yi wanki ya ciro abinsa da kansa, ita ba za ta taɓa ba. Matar tela ta ce tsufa ne, haka kakanta ya fara, da dutse. Matan nan biyu suka ce ai tun ranar kukan daɗin suka ga alama. Magana ta je kunnen Nas, Nas ta kira Manaja, suka yi shawara a waya irin ta 'ya'yan kirki, aka samo wani likita mai duba tsofaffin da suka fara rikicewa.

Su uku suka je, shi da Inna da Manaja. Ɗakin jira ne mai kujerun roba a jere da fanka mai ƙara. Da aka zo kansu, wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce Baba ya cire babbar riga ya bar ta a nan, za a auna shi. Ya cire. Ya ciro tsuntsun daga aljihu ya tsaya da shi, daga shi sai 'yar shara, kafaɗunsa duk ƙashi. Manaja ya miƙo hannu da fara'a ya ce kawo in riƙe maka, Baba. Tsohon ya dubi hannun, tafi mai laushi, babu kanta ko ɗaya. Ya juya wajen Inna ya miƙa mata.

Inna ta dubi tsuntsun. Ta daɗe tana dubansa, idonta yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, don ido ba ya ajiye aiki kamar hannu. Sannan ta harɗe hannuwanta a ƙirji ta mai da kai wajen fanka.

Haka ya shiga wurin likita, tsoho cikin 'yar shara, rungume da guntun itace. Likitan yaro ne mai ladabi. Ya gaishe shi, ya tambaye shi yau wace rana ce, ya faɗa daidai. Ya tambaye shi shekarunsa, ya faɗa daidai. Sai ya nuna tsuntsun da biro ya ce Baba zai iya ajiye wannan a kan tebur na minti biyu kawai?

“A'a,” in ji tsohon.

Likitan ya gyaɗa kai a hankali, ya jawo takarda, ya yi rubutu mai tsawo.